Gwiwar Ɗan Malam

Ba kallon ƙwallo ne ya kai Malam Hadi filin bayan gari ba a wannan yammacin. Duka ya je yi. Yana dawowa daga ta'aziyya a Wurno wani mai saurin kai rahoto ya tare shi a bakin hanya, ya ce ɗansa na can yana tsalle-tsalle da gajeren wando, alhali ɗalibai na zaure tun la'asar suna jiran wanda zai biya musu karatu.

Malam ya jingine tsohon babur ɗinsa a gindin tsamiya, ya karyo tsumagiya, ya tattare babbar riga a kafaɗa, ya kutsa cikin jama'a. Ba wanda ya ba shi hanya. Mutumin da idan ya doso layi a Kangire samari ke zubewa gaisuwa, yau ga shi ana ture shi da gwiwar hannu, kowa idonsa na kan fili.

Sai ya hango shi. Fa'izu, ɗansa na fari, yana tsaye can gaba shi kaɗai a tsakanin wasu ƙarti uku, cikin jesin da ta yi masa yawa. Wani ya ɗaɗo ƙwallo daga nesa, ta yi sama har ta wuce tsayin giginya, Malam ya zaci sai ta fasa wa wani kai. Yaron ko gaggawa bai yi ba. Ya ɗan ja baya, ya tara ƙirji, ƙwallon ta sauka a kai ta yi laƙwas, ta gangaro ta kwanta a ƙafarsa kamar kyanwar gida. Ya karkata hagu, ƙartin nan suka bi shi hagu su duka, kafin su farga ya fice ta dama. Mai tsaron gida ya fito da hannuwa a baje. Fa'izu ya ɗan tsikari ƙwallon daga ƙasa, ta haye kan mutumin a hankali, ta faɗa raga.

Fili ya ɗauka gaba ɗaya, baki ɗaya: Ɗan Malam, Ɗan Malam.

Malam Hadi ya tsaya baki sake. Shi mutum ne da ya rubuta Alƙur'ani da hannunsa, ya kuma koyar da rubutu shekara da shekaru, don haka ya san bambancin hannun da aka koya wa jan alƙalami da hannun da aka haifa da shi. Na farkon kana ganin ƙoƙarinsa a kowane harafi. Na biyun kuwa sai ka rasa inda ya fara da inda ya tsaya, abin yana gudana kawai. Abin da ya gani a ƙafar yaron nan ke nan, har ya yi istigfari a ransa don kwatanta wasa da rubutu. Amma ya san baiwa ya gani, kuma ya san ba shi ya ba shi ba, ba kuma wani mahaluƙi ba. Tsigar jikinsa ta tashi.

Sai da ya koma wurin babur ya lura tsumagiyar ba ta hannunsa. Bai san lokacin da ta faɗi ba.

* * *

A gidan Malam ba a kiran sunan Fa'izu, in ba ƙannensa ba. Ɗan fari ne, kunyarsa ake ji. Malam kan ce "yaron nan", in yana gabansa kuma ya ce "kai". Uwarsa Rahmatu ta fi shi ma, ko tuwo za ta ba shi sai ta ajiye ta kau da kai. Wannan kunya ta yi wa Malam rana, domin ta ba shi damar yin shiru game da abin da ya gani. Bai hana ba, bai kuma ce ya yarda ba. Abin da dai mutane suka lura shi ne ta'aziyya da dubiya sun yi wa Malam yawa a 'yan watannin nan, kuma duk hanyarsu ta gindin tsamiyar nan take bi, kuma kullum babur ɗin a nan yake samun matsala, sai an busa usur na tashi yake warkewa.

Cikin damina ɗaya sunan yaron ya fita daga Kangire. Ya ci 'yan Wurno har gida. A Birnin Kudu masu shayi suna gardama a kan ko ƙafar hagunsa ta fi ta dama. Wani ya ɗauke shi a waya yana cin ƙwallo da dunduniya, abin ya yi ta yawo har wani ɗalibin Malam da ke Kano ya bugo yana tambaya ko da gaske ɗan gidan ne. Shi kuwa Fa'izu bai canza ba. Da safe yana gona, da hantsi yana zaure yana biya wa yara, ba ya ɗaga ido ya kalli ubansa. Malam kan saci kallon ƙafafun nan biyu a naɗe a kan tabarma, da kaushi da faso irin na kowane ɗan manomi, ya yi ta mamakin inda abin yake ɓuya.

Ana tsakiyar damina aka buɗe gasar kofin da wani mai neman kujera ya sa wa ƙungiyoyin Birnin Kudu da Gwaram. A wasa na biyu, da 'yan Zandam, wani ɗan bayansu da ya gaji da yadda yaron ke wuce shi ya yar da ƙwallo ya bi ƙafarsa. Aka kawo Fa'izu gida a kan babur, gwiwar dama ta kumbura suntum. Rahmatu ta yi ta gashi da ruwan zafi da man kaɗanya. Maɗorin garin ya zo ya lalluba, ya ce ƙashi lafiya lau, jijiya ce ta taɓu, kuma ita ba ta da magani sai hutu. Kada yaron ya ko yi sassarfa sai an gama girbi.

Washegari Ɗan'azumi ya zo zaure. Shi ne kocin ƙungiyar Kangire, mai facin taya ne a bakin titi, mutum mai zaƙin baki da usur a wuya ko a wurin jana'iza. Ya zube ya yi gaisuwa, ya yi jaje, sannan ya ce garin nan kaf ba su da kowa sai Allah sai Malam. Ana kawo marasa lafiya daga nesa a karɓi rubutu a zauren nan, to ina ga ɗan gida? A taimaka musu da addu'a, wasa na gaba saura 'yan kwanaki.

Malam ya ɗaure fuska kamar an zo masa da maganar banza, amma da Ɗan'azumi ya fita sai ya jawo allonsa mafi santsi. Ya dama sabuwar tawada da ƙaro, ya fiƙe alƙalamin gamba, ya rubuta ayoyin waraka a natse, da irin rubutun da ba ya yi wa kowa. Ya wanke a ƙwarya, ya tace, ya zuba a gorar roba. Ya miƙa wa yaron ba tare da ya kalle shi ba, ya ce a sha rabi, a shafa rabi.

Ranar wasa Fa'izu ya fita daga gida yana ɗingishi, yana dafa bango. Da yamma Malam, daga gindin tsamiyarsa, ya ga yaron nan ya shigo fili yana tsalle kamar bai taɓa sanin ciwo ba. Ya ci biyu.

Kafin magariba labari ya gama gari: rubutun Malam ya tayar da gwiwar da maɗori ya ce sai bayan girbi. Ɗan'azumi da kansa yake bi majalisa-majalisa yana ba da labarin, yana rantsuwa. Zaure ya cika da masu ciwon baya da masu sanyin ƙashi. Malam yana gaya wa kowa cewa Allah ne mai warkarwa, kuma da gaske yake faɗa. Amma can ƙasan ransa akwai wani daɗi da bai taɓa ji ba. Yana ganin yanzu shi ma yana da hannu a cikin abin al'ajabin nan. Cewa duk gudun da yaron ya yi a fili, akwai ɗigon tawadarsa a ciki. Daga nan kowane wasa sai ya wanke allo.

* * *

Rahmatu ce ta fara ɓata masa wannan daɗi. Ita ba ta zuwa fili, abin da take gani daban. Ita take ganin yaron washegarin wasa yana rarrafe zuwa bayi. Ita ta lura ya daina bin sahu da asuba, yana salla a ɗaki a zaune, ƙafa a miƙe. Ita take jin zafin jikinsa a rigar da ya tuɓe. Ta daɗe tana haɗiyewa, domin ba ta taɓa buɗe baki ta yi magana a kan ɗan farinta ba, ko yana jariri. Wata safiya ta kawo wa Malam koko, maimakon ta ajiye ta juya sai ta durƙusa a bakin ƙofa. Ta ce ta leƙa yaron nan yana barci, ta ga gwiwar ta yi sheƙi, ga wasu ɗige-ɗige baƙaƙe a gefenta kamar cizon ƙuma. Ta ce a kai shi asibiti a Birnin Kudu.

Malam ya ce ciwo ba ya tafiya rana ɗaya, kuma ai ido ya gani, duk ranar da aka sha rubutun yaron yana miƙewa garau.

Ta murza bakin mayafinta. Sannan ta ce, "Malam, wane irin magani ne wannan da ya san ranar wasa?"

Maganar ta soke shi, shi ya sa ma ya yi fushi. Ya ce mata ta kiyayi harshenta a kan abin da ba ta da ilimi a kai. Ta ba shi haƙuri ta tashi. Ya sha kokonsa, amma bai ji daɗinsa ba, kuma bai tashi ya je ya duba gwiwar ba. Uba ba ya zuwa ya yaye wa ɗan farinsa wando, haka ya gaya wa kansa. Gaskiyar ita ce tsoron abin da zai gani yake yi.

* * *

Kangire ta kai wasan ƙarshe, za a buga a Gwaram da waɗannan dai 'yan Zandam ɗin. An ɗaure gero, dawa ta sunkuya, gari ya samu sararin shagali. Tun hantsi motar 'yan wasa ta tashi, magoya baya suka bi a kan babura da a-kori-kura. Malam ya ce shi ba inda za shi. Ba a taɓa ganinsa a filin wani gari ba, ba kuma za a fara yau ba.

Bayan azahar ya fito zai shiga zaure, sai ya ga gorar rubutu a kan dakali, cike, ba a ko buɗe ta ba.  Yaron ya manta maganinsa, yau da ya fi kowace rana buƙatarsa. Bai tsaya sa hula mai kyau ba, ya cusa gorar a aljihun gaba, ya buga babur. Duk wanda ya ga Malam Hadi a hanyar Gwaram a ranar, riga na kaɗawa a baya, yana wuce motoci yana karanta addu'ar tafiya da ƙarfi, ba zai ce shi ne mai hana ɗalibai gudu a layi ba.

Ya tarar da Gwaram ta cika ta batse. Masu rake, masu awara, masu ganga, yara a kan katanga da rassan darbejiya. Ya tambayi inda 'yan Kangire suke shiri, aka nuna masa wani kango a bayan fili, ginin da aka fara aka bari. Ya zagaya ta baya yana riƙe da gorar da hannu biyu.

Samari ne a jere a kan bulo, cikin jesi. A tsakiyarsu Yahuza ne a tsugune, mai kemis ɗin bakin kasuwarsu, wanda Malam da kansa ya raɗa wa 'ya'yansa suna. Ya baje baƙar leda a ƙasa, ƙananan kwalabe da sirinji a kai. Wasu yana zuba musu ƙwayoyi a tafin hannu su watsa a baki ba ko ruwa. Wasu allura. A ƙarshen layin Fa'izu ne, ya cusa bakin rigarsa a baki ya cije, ya miƙe ƙafar dama a kan cinyar Ɗan'azumi.

A ranar Malam ya fara ganin gwiwar da idonsa. Ta ninka 'yar'uwarta, fatar ta ja ta yi sheƙi, ga ɗige-ɗigen da Rahmatu ta faɗa, sun fi yadda ta faɗa yawa. Yahuza ya goge wurin da gefen hannunsa, ya zuƙo ruwa daga kwalba biyu, ya luma allurar har gindinta. Jikin yaron ya ɗauki rawa, hawaye ya zubo masa ba sauti. 

Bai daɗe ba ya ga fuskar ta saki. Yaron ya zare rigar daga baki, ya sauke ƙafa, ya taka, ya ɗan yi tsalle, ya sake yi. Wannan shi ne abin al'ajabin da aka yi ta yi wa Malam godiya a kai wata da watanni, ga shi ya gan shi tun daga farkonsa.

Ɗan'azumi ne ya fara hango shi. Ya taso da sauri yana murmushin da bai kai ido ba, ya rusuna.

"Allah ya gafarta Malam, ai da ka aiko an zo an taho da kai. Wannan ba komai ba ne, ɗan taimako ne a kan addu'arka. Duk 'yan ƙwallo haka suke yi, har waɗanda ake gani a gidan kallo."

"Tun yaushe?" in ji Malam.

Ɗan'azumi ya sosa ƙeya. Ya ce tun wasan nan na bayan rauni. Ya ce yaron da kansa ya yarda, ba wanda ya tilasta shi. Sannan ya rage murya ya nuna rumfar manyan baƙi da haɓa: akwai mutum daga wata babbar ƙungiya a Kano, ya zo takanas don Fa'izu. In ya gan shi yau, shi ke nan, yaro ya fita daga wasan ƙauye, can akwai likitoci na gaske. Yau kaɗai. Daga yau zai huta har sai ya gaji da hutu.

Fa'izu ya matso ya durƙusa a gaban ubansa, cikakken durƙuso, gwiwa biyu a ƙasa, irin wanda rabon da ya iya yi tun tsakiyar damina. Kansa a sunkuye ya ce, "Baba, ka yafe mini. Ina shan rubutun, wallahi ban taɓa zubarwa ba. Yau ma mantuwa na yi." Sannan ya ƙara da cewa, "In ka ce kada in shiga, ba zan shiga ba."

Kuma da gaske yake. Yaron nan bai taɓa tsallake maganar ubansa ba, Malam ya sani, Ɗan'azumi ma ya sani, shi ya sa ya tsaya yana zare ido. Kalma ɗaya ta isa. Malam ba likita ba ne, amma ya yi noma, ya san abin da ke faruwa da san noma idan aka ci gaba da huɗa da shi yana ɗingishi. Ya san ciwon yana nan, bakinsa kawai aka toshe. Ya tuna Rahmatu a durƙushe a bakin ƙofa.

Daga bayan katanga ganga ta tashi, mutane dubbai suka fara kiran sunan nan, Ɗan Malam, Ɗan Malam, har ƙasa tana amsawa a tafin ƙafa. Malam ya gaya wa kansa cewa allurar dai an riga an yi. Ya gaya wa kansa cewa ba shi da hakkin tare wa yaro ƙofar arzikinsa. Duk wannan gaskiya ne, amma ba shi ne dalilin ba. Dalilin shi ne yana so ya sake gani. Yana so, sau ɗaya, ba daga bayan tsamiya ba, ya tsaya a fili ya kalli abin da Allah ya ajiye a ƙafar ɗansa.

Ya miƙa masa gorar. Yaron ya karɓa da hannu biyu, ya yi bisimilla, ya shanye tas.

"Allah ya ba da sa'a," in ji Malam.

* * *

Waɗanda suka je Gwaram a ranar har yau in sun zauna sai sun tayar da zancen. 'Yan Zandam sun sa mutum biyu su bi shi duk inda ya sa ƙafa, ya mayar da su abin dariya. Yana karɓar ƙwallo ya ba su baya, ya juya a wurin da ko akuya ba za ta juya ba. Yana tsayawa cak sai fili ya yi tsit, ya zabura sai a tashi tsaye. Malam yana bakin layi, an ba shi kujera ya ƙi zama. Ya manta da rigarsa, ya manta da shekarunsa, bakinsa yana ta motsi da tasbihi bai sani ba.

Ana dab da hutun rabin lokaci aka bugo ƙwallo daga kwana. Ƙwallon ta zo ta bayansa, ta wuce shi, kowa ya ɗauka ta tafi. Sai aka ga yaron ya tashi sama, ya kwanta a iska ya ba raga baya, ƙafar dama ta zagayo ta saman kansa ta same ta. Mai tsaron gida bai motsa ba. Ƙarar raga ce ta gaya masa. Na ɗan lokaci ba wanda ya yi ihu, har masu ganga suka tsaya da hannu a sama. Sannan Gwaram ta fashe. Mutumin Kano ya miƙe tsaye a rumfa ya ɗora hannu a ka. Wani tsoho ɗan Zandam da bai san Malam ba ya rungume shi yana cewa wannan yaro ba a haifi irinsa ba a ƙasar nan. Malam ya ji hawaye na bin gemunsa, bai share ba. Bai taɓa ganin abu mai kyau irin wannan ba a rayuwarsa, kuma ko daga baya, da abin da ya biyo, bai iya ƙaryata hakan ba.

An dawo daga hutu ba da daɗewa ba abin ya faru, kuma ba wanda ya taɓa shi. Ya karɓi ƙwallo a tsakiyar fili, ya dasa ƙafar dama zai juya kamar yadda ya saba. Jikin ya juya, ƙafar ta tsaya. Waɗanda ke kusa sun ce sun ji ƙara kamar an karya ɗanyen kara. Ya faɗi, ya yunƙura zai tashi domin har lokacin ba ya jin zafi, ƙafar ta lanƙwashe ta inda ƙafa ba ta lanƙwashewa, ya sake faɗuwa yana kallonta da mamaki.

"Fa'izu!"

Muryar ta keta filin. Mutanen Kangire suka waiwaya, domin ba wanda ya taɓa jin wannan suna a wannan baki. Malam ya riga ya tsallake layi yana gudu, takalmi ɗaya a ƙafa. Yaron ma ya ji. Ya ɗago daga inda yake kwance ya kalli ubansa ido cikin ido, abin da bai taɓa yi ba tun da ya yi wayo.

Aka ɗauke shi aka ci gaba da wasa. Kangire ta ɗauki kofin da wannan ƙwallo ɗaya. Mutumin Kano ya aiko a yi wa yaron sannu, ya shiga motarsa kafin a tashi.

* * *

A asibitin Birnin Kudu likita ya daɗe yana duba hoton ƙafar. Ya ce jijiyar da ta taɓu da damina yanzu ta tsinke gaba ɗaya, amma ba ita ce babbar matsalar ba. Allurar da aka yi ta lumawa ta shigar da ƙazanta cikin gaɓar, ta yi mugunya, ta cinye guringuntsi. Da an kawo shi tun farko, hutu da ɗauri sun isa. Yanzu za su yi ƙoƙari su ceci ƙafar, amma gwiwar ba za ta ƙara lanƙwasuwa kamar da ba. Ya cire tabarau ya tambaya, ba da faɗa ba, wa ya bar yaro ya shiga fili da ƙafa a haka. Malam ya dubi ƙasa. Rahmatu tana tsaye a bayansa, ba ta kuma taɓa tuna masa abin da ta faɗa ba, a ranar ko bayanta.

Masu neman rubutu ba su daina zuwa ba. Har daga Zandam wani ya kawo ɗansa mai targaɗe, ya ce irin na Ɗan Malam yake so. Malam ya zaunar da shi ya gaya masa abin da ya gani a kangon Gwaram, bai rage komai ba, ya yi wa yaron addu'a ya ce a wuce da shi asibiti. Mutumin ya fita yana gunagunin cewa Malam ya fara rowar asiri. Kemis ɗin Yahuza yana nan a buɗe. Ɗan'azumi ya samo wani yaro daga Wurno, an ce shi ma yana da gudu.

Wata la'asar bayan an sallamo su, Malam ya ja salla a masallacin ƙofar gida. Da ya yi sallama ya juyo ya fuskanci jama'a, idonsa ya tafi ƙarshen sahu, wurin da ake jera kujerun roba saboda tsofaffin da ba sa iya sujada. Su uku ne a kai: wani mai shanyewar ɓarin jiki, wani da ya haura tamanin, sai Fa'izu a bakin ƙofa, ƙafar dama a miƙe a sandare, sandarsa a jingine da bango.

A waje yara suna buga wata tsohuwar ƙwallo a layi, suna gardama a kan wanda zai zama Ɗan Malam. Wani ya ɗaɗe ta, ta bugi bango, ta gangaro a hankali har bakin masallaci, ta zo ta tsaya a jikin ƙafar da ke miƙe.

Malam ya daina jan carbi. Ya ga yatsun ƙafar hagu sun motsa a kan tabarma, sun ɗan ɗaga, sun koma. Fa'izu ya daɗe yana kallon ƙwallon. Sannan ya dafa kujera, ya sunkuya da ƙyar, ya ɗauke ta da hannu biyu ya miƙa wa yaron da ya zo karɓa.